Sawun da Ba Shi da Dunduniya

Ni ce mai share tsakar gida, shi ya sa na riga kowa sani.

A shekarar da aka rufe iyaka, wadda gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, ina da shekara huɗu da aure a Tudun Aduwa, wani ɗan ƙauye arewa da Gazawa. Mijina Idrisa, ɗiyarmu Saudatu tana goye, ba ta isa yaye ba. Sai surukina, mahaifin Idrisa, wanda matarsa ta rasu tun kafin a kai ni gidan. Sunansa Nomau. Kun ga na rubuta, amma bakina bai taɓa faɗinsa ba, har yanzu da ya daɗe da komawa ga Allah. Baba nake ce masa, kuma ko Baban ba a gaban idonsa ba. In ya shigo ta zaure, ni na shige madafa. In na kai masa ruwa, sai in durƙusa in ajiye in juya, idona a ƙasa. Haka aka rene mu.

To, a ƙasan nan na ga abin. Kowace safiya in na fito da tsintsiya sai in tarar da sawunsa daga ƙofar ɗakinsa zuwa wurin alwala. Ƙafar hagu cikakkiya. Ta dama kuwa yatsu ne kawai da gaban tafi, babu dunduniya, kamar sawun mai sanɗa. In rana ta ɗaga ya ɗan zagaya, sai dunduniyar ta fara fitowa a rairayi, sama-sama. A gaban mutane tsaf yake tafiya, yana dogara sanda kamar don ado. Wata biyu ina share sawun nan kafin kowa ya fito. Ban ma san abin da ya sa nake yi ba, sai da maganar tafiya ta taso.

Sau uku aka yi shuka a damanar nan, sau biyu ƙasa ta cinye iri, ta ukun ce ta fito ta ƙone. An share rumbuna da hannu har an kai ga tsakuwa. Anza, ƴaƴan wani itacen daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya ragu, mu haɗa da dusa. Shanu suna kwance a bakin hanya, an daina ma feɗe su, kuma ungulu sun yi nauyi har in ka zo kusa ba sa tashi, sai dai su matsa gefe su dube ka. Guga in ya fito daga rijiya rabinsa laka ne.

Wata ranar bayan la'asar maza suka zauna, Idrisa ya shigo da labari. Za a tashi bayan kasuwar Gazawa mai zuwa, a yi kudu zuwa ƙasar Katsina, inda ƙanen Baba, Abdulmumini, yake da gona a fadama. Babu mota tunda iyaka a rufe take. A ƙafa za a bi ta daji, kwana huɗu ko biyar, kuma za a kauce wa Gazawa saboda ana cewa jandarma, wato jami'an tsaro, na mayar da mutane. Rabo, wani mutumin garinmu, shi ne zai ja tafiyar, don shi ya saba kora shanu ta hanyar. Jakuna biyu suka rage a garin: na ruwa da na ƙananan yara.

Rabo ya kafa sharaɗi. Duk wanda ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba, ya zauna gadin gida. Wanda ya gaza a hanya kuma, a bar shi a gari mafi kusa. Gadin gida ake ce masa don baki ya sami abin faɗi, amma kowa ya leƙa rijiyar nan, kowa ya san ba za ta kai bazara ba. Kada ku ɗauka Rabo mugu ne. A farin da ya gabata ya ga ayari guda ya tsaya jiran mutum ɗaya har salkunan ruwa suka bushe, kuma shi ya taya binne su.

Mutum biyar aka ambata za su zauna. Baba ba ya ciki. Idrisa ya ce mini, yana dariya, wai Baba ya faɗa wa Rabo a gaban jama'a cewa ƙafarsa ta fi tasa lafiya.

Me ya hana ni faɗa wa Idrisa? Idrisa bai iya ƙarya ba. In ka tambaye shi abin da yake ɓoyewa, sai ya dubi ƙasa ya hau sosa ƙeya. Rabo zai yi masa tambaya ɗaya, shi ke nan sun zama shida.

Takalman Baba sun suɗe sun zama kamar ganye. A wurinmu in mutum ba zai je kasuwa da kansa ba, sai ya taka karan gero, ya karya shi daidai tsawon ƙafarsa, ya aika da shi a yanko masa. Baba ya ba Idrisa kara. Idrisa yana fama da cire ƙyauren gida da neman igiya, sai ya miƙo mini, tunda ni ƴar Gazawa ce kuma na san Jaye baduku tun ina yarinya.

Ban taɓa jin kasuwa shiru kamar ta ranar ba. Turame, gadaje, ƙyamare, tukwane, duk an baza, masu su na zaune suna kallon juna. Rumfar Jaye kaɗai ke da mutane. Yana zaune cikin tarin tsofaffin tayoyin kamyo, manyan motocin kaya, yana yanka, yana huda. Ya ce tunda ya fara sana'a bai taɓa ganin ciniki irin na bana ba, kuma bai taɓa ƙin ciniki kamarsa ba, don duk wanda ya yanka wa takalmi ba ya sake ganinsa.

"A'a, amaryata ta dawo," ya ce da ya hange ni. Sa'an kakana ne, haka yake tsokanata. "Ƙauyawan sun gaji da ke, ko ke kika gaji da su? Ni dai ɗakina na nan, sai dai babu tuwo."

Na gaishe shi na miƙa karan, na ce na Baba ne. Ya ɗora a kan taya, ya ɗauki wuƙa. Ni ban tashi daga durƙuson ba. Ya dube ni, ya tambaya ko akwai wani abu. Ta yaya zan buɗe baki in yi zancen jikin surukina a tsakiyar kasuwa? Sai na shafe rairayin gabana da tafin hannu, na zana sawun da yatsa, yadda nake ganinsa kullum. Na hagu cikakke. Na dama rabi.

Jaye ya ajiye wuƙar. Ya sa ƙafa ya goge zanen kafin na kusa su gani, ya rage murya ya tambaye ni ko da safe abin ya fi tsanani. Na ɗaga kai. Ya ce ya san ciwon. Kamar ƙusa ce a tsakiyar dunduniya, tana ja har cikin kwarin tafin ƙafa, kuma wanzami ya tsaga ya duba ba zai ga komai ba. Ya ce kara tsawo kawai yake faɗi, ba ya faɗin inda ke ciwo. Tayar kamyo shimfiɗaɗɗiya ce, tauri kamar dokin ƙofa, ta samari ce. In ya yanka wa Baba irinta, rana ta biyu da rarrafe zai tashi.

Akwai wani iri, in ji shi. Taya a ƙasa saboda ƙaya, a ɗora robar cikin taya ninki biyu, a yanko laushin tsohon akumarin jaki a sa a kai. A ɗaga bayan, a rarake gurbi daidai inda ƙusar take don kada ta taɓa komai, a yi ɗan tudu a ƙarƙashin kwarin tafi ya tallafe shi, a sa maɗauri a baya don kada ƙafa ta yi ta yawo.

"Amma wanda ya hango shi daga bakin kasuwa ya san na mai ciwo ne," ya ce. "Wa ke ja muku tafiya?"

"Rabo."

"Rabo na gane saniya mai ɗingishi tun ba ta fara ba. To, zaɓi, ɗiyata. Wanda zai rufa masa asiri a ƙofar gari, ko wanda zai kai shi."

Na zauna ina kallon tayoyin. Sai idona ya faɗa kan wata jar fatar akuya da ke rataye a bayan rumfa, ragowar shekarun da ake biki. Na ce ya yi mai tallafin, amma ya lulluɓe shi da jar fatar, sama da gefe, ƙafa biyun iri ɗaya, yadda kaurin zai zama kamar ado. Jaye ya yi dariya har da tari, ya ce shekara biyu bai taɓa fatar nan ba, kuma da ya san wayona ya kai haka da bai bari ƙauyawa sun ɗauke ni ba. Na ji daɗin maganar. Ya yi ta aiki da basilla har la'asar, na ba shi tasar da uwata ta ba ni ranar aure.

Da zan tafi ya ja mini kunne da abu uku. Da safe Baba ya riƙa kama yatsun ƙafar yana jawo su baya da hannu kafin ya miƙe. Ya sa takalmin tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Kuma kada ya cire sai don salla. Ya ce in faɗa masa. Na ce to, ban tsaya na yi tunanin da wane bakin ba.

Na ajiye takalman a ƙofar ɗakin Baba. Daga madafa na ji yana ce wa Idrisa tun ranar aurensa bai sa takalmi irin wannan ba.

Ranar tashi muka fito da sassafe. Mutum biyar ɗin nan suna zaune a gindin aduwa, suna ta sa mana albarka, babu mai kuka, kuma babu wanda ya iya duban idonsu. Na waiga neman Baba. Ga shi nan a cikin maza, tsofaffin takalmansa a ƙafa, sababbin an ɗaure su da igiya suna lilo a kafaɗarsa, ja wur.

Na ji yana gaya wa Rabo cewa sai a ƙofar garin ƙanensa zai sa su, don kada a ce mabarata ne suka zo. Maza suka ce gaskiya ne, takalmi irin wannan ba na daji ba ne. Haka manyanmu suke yi. Ubana ma haka yake yi, ya rataya takalmin Salla a wuya har sai ya hango masallacin idi. Na san wannan sarai, amma ina can ina jin daɗin wayona a rumfar Jaye na manta.

Da muka tsaya shan ruwa na ja Idrisa gefe, na ce ya roƙi Baba ya sa sabon takalmin, tsohon ya mutu. Ya je ya dawo, ya ce Baba ya ce a gode mini, amma ba zai lalata kyautar ɗiyar kirki a cikin ƙaya ba. Idrisa ya tambaye ni me ya dame ni da takalmi alhali ga yarinya ba ta samun nono. Na gyara goyon Saudatu, muka ci gaba da tafiya.

Kafin yamma Baba ya koma bayan ayari. Rabo ya yi ta dawowa baya, wai yana duba kayan jakuna. Sau huɗu ya duba kayan nan, kuma babu igiyar da ta kwance.

Washegari na ga yadda Baba ya tashi. Ya daɗe a zaune yana jan tasbaha har sai da kowa ya shagala da ɗaure kaya, sannan ya kama sanda da hannu biyu ya miƙe, leɓensa a cije. Na bi bayansa ina taka sawunsa ɗaya bayan ɗaya, ina murjewa. Yanzu ta hagun ma ta fara ɓoye dunduniya.

Rana tsaka muka shiga wani gari da babu kowa. An cire ƙyamare, ɗakuna a buɗe, ko kare babu. Rijiyarsu ta ƙafe. A ƙarƙashin wata rumfa muka tarar da wani dattijo kwance, fuskarsa gabas, ƙwaryarsa a kife kusa da shi. Waɗanda suka riga mu ne suka bar shi, ko mutanen garin, Allah ne masani. Bai fi kwana biyu da cikawa ba. Maza suka yi masa taimama tunda babu ruwan wanka, suka haƙa rami da hauya ɗaya, suka rufe shi.

Da suka gama, Rabo ya karkaɗe hannu ya ce akwai gari mai mutane a gaba, za mu isa kafin magariba. Wanda ya san ƙafarsa ta ƙare, gara ya faɗa a can da a bar shi a wuri irin wannan. Yana maganar yana duban kowa, ban da Baba.

Suka yi sahu don azahar, takalma a jere a bayansu. Matan suna can inuwa suna fama da yara. Na tashi kamar mai neman wurin tsuguno. Da liman ya kai goshi ƙasa, na sunkuya na ɗauki tsofaffin takalman Baba, na cusa cikin zane, na wuce bakin rijiyar na sake su ciki. Na koma cikin mata na zauna. A wurinmu matar ɗa ko tsallake takalmin surukinta ba ta yi.

Aka sallame, aka hau nema. Wani ya ce ko kare ne. Rabo ya ce shi bai ga kare a garin nan ba. Baba kuwa yana zaune inda ya sallame. Ya dubi ƙasar da ke gabansa, rairayi na tururi, ƙayar tsidau ko'ina. Ya daɗe. Sannan ya kwance igiyar kafaɗarsa.

Ƙafar ta kumbura, maɗaurin ya ƙi kaiwa, sai da Idrisa ya ƙara huda da bakin wuƙa. Baba ya miƙe. Ina bayansa, fuskarsa ban gani ba, amma na ga ya tsaya cik, ya ɗan danna dunduniyar dama, ya ɗaga, ya sake dannawa. Ya ji gurbin. Ya san an yi shi ne don ƙafarsa, kuma ya san kara bai faɗi wannan ba. Ƙeyarsa kawai nake kallo, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka isa garin da rana ta yi ja, muka sauka a bayan gari. Sauran saƙon Jaye na nan a cikina, kuma gobe da safe ne Rabo zai duba wanda za a bari. Na ɗauki tabarmata na matsa kusa da inda Baba ke zaune, kusancin da ban taɓa yi ba, na juya masa baya, na ɗora Saudatu a cinya.

"Saudatu," na ce, da ƙarfi yadda za a ji, "in kin tashi da safe kada ki yi garaje. Ki kama yatsunki ki jawo su baya, haka, har ki ji ya saki. Ki sa takalminki tun kina zaune. Kada ki cire sai za ki yi salla. Kin ji ko?"

Yarinyar da ko tsayuwa ba ta fara ba. Mata suka dube ni, wata ta ce yunwa ta fara taɓa kan matar Idrisa. Ƙarar tasbahar Baba ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Gari na wayewa Rabo ya zo ya tsuguna a gaban Baba, wai gaisuwa. Gaisuwa ta ƙare bai tashi ba. Kowa ya ga haka, aka daina ɗaure kaya. Baba ya miƙe ƙafa, ya kama yatsunsa ya ja, a hankali, ta dama sannan ta hagu, kamar abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ya sa takalman, ya ɗaure. Ya kama sanda ya miƙe. Takun farko ya yi tangaɗi har Idrisa ya miƙa hannu, Baba ya buge hannun. Ya yi na biyu. Ya yi na uku. Ya tafi har gindin wata kalgo ya dawo, zufa na zuba daga haɓarsa, amma ƙafa biyun suna sauka ƙasa duka.

Rabo bai dubi fuskarsa ba, takalman yake kallo, tun daga kaurin bayan har tudun tsakiya.

"Ɗinkin Jaye ne?"

"Nasa ne."

"Ya iya aiki." Rabo ya miƙe ya karkaɗe riga. "Baba Nomau, ka shiga gaba, mu bi ka."

Har yau ban sani ba ko Rabo ya sa shi gaba don ayari ya yi tafiya daidai ƙarfinsa ne, ko don ya kasance a gaban idonsa. Wata tsohuwa, Gambo, ita ta kasa tashi a safiyar nan. Aka kai ta zauren mai gari da ɗan ƙunshin dusa. Ba mu sake jin labarinta ba.

Kwana biyu da rabi Baba yana gaba. Kowace safiya Rabo na zuwa gaisuwa, kowace safiya ana tsayawa a kalla. Ƙaya ta yayyage jar fatar, roba da akumari suka fito fili, kowa ya gani, babu wanda ya yi magana. Maɗaurin hagu ya ci masa fata har jini na bin gefen takalmin. Muka tsallaka iyaka da rana tsaka ta wani kwari, babu mai tari. A rana ta biyar, da aka hango kukokin garin Abdulmumini, gwiwar Baba ta sare gaba ɗaya. Idrisa ya kama hannu ɗaya, Rabo ya kama ɗayan.

Bayan kwana uku da sauka, ina daka a bayan danga, Baba da Idrisa suna zaune a ɗaya gefen, ƙafarsa cikin ruwan ɗumi. Ya san ina nan, don ya jira sai da taɓarya ta tsaya.

"Idrisa," ya ce, "ka faɗa wa mai ɗakinka rijiyar nan ba ta da zurfin da take zato. Ina sujada na ji saukarsu."

Idrisa ya tambaye shi wace rijiya. Ni na ci gaba da daka.